Motar Kuya Ambo Ranar Laraba

Tun muna Lipa na ce mu hau bas. Mijina Celso ya ce a'a, wansa Ambo, wanda muke kira Kuya, wato Yaya, ya riga ya wanke mota, in muka ƙi shiga zai ce an raina shi. Na zuba tikitocin wasa a jaka.

'Yata Liway ta daɗe tana rawa a layin baya a wani gidan wasa na Makati, ba ta taɓa buɗe baki ita kaɗai ba. Sai jarumar wasan ta kwanta mura, aka ce Liway za ta tsaya mata a wasan rana na Laraba. Sau ɗaya tak. Ta yi ta jaddada mini a waya cewa babbar waƙarta a farkon wasa take, kuma ana kashe fitila ake rufe ƙofa sai an zo hutu.

Kuya Ambo kuwa biki ya fito. Ya tsaya a Calamba sayen kek ɗin kwakwa, wai ba a zuwa wa yarinya hannu rabbana. Ya sake tsayawa surukata, mahaifiyarsu da ke tare da mu, ta kama ruwa. Da na nuna masa agogo sai ya dubi Celso yana dariya, ya ce matarsa ta fi injin motar zafi. Celso ma ya taya shi.

Muna shiga Makati wani jami'in hanya ya ɗaga mana hannu. Ya zagaya baya, ya sa yatsa ya goge taɓon da ke kan lambar motar. Biyar ce a ƙarshe. Duk wanda ya taɓa riƙe sitiyari ya san doka ta hana motar da lambarta ta ƙare da biyar shiga Makati ranar Laraba.

"Mota fes kamar ta amarya, taɓo a lamba ɗaya kawai?" in ji jami'in. "Kawo lasin."

Na juya na kalli Kuya Ambo. "Ashe ka sani?"

"Remy, kwantar da hankali. Kullum haka nake yi."

"Kai ma ka sani, Celso?"

Celso ya sunkuyar da kai. Kuya Ambo ya shiga lissafa wa jami'in sunayen 'yan uwa masu muƙami, shi kuwa yana ta rubutu ko kallonsa bai yi ba. Na buɗe ƙofa, na tattare siket, na tare ɗan acaba. Surukata tana kirana ta taga ban waiga ba.

Yaron ya yi gudu, ba laifinsa. Amma ina hawa matakalar gidan wasan na ji kiɗa ya tashi. Mai tsaron ƙofa, yarinya sa'ar Liway, ta tare ni da ladabi. Na ce 'yata ce a kan dandamali. Na nuna mata hoto, na roƙe ta, na yi mata tsawa. Ta ba ni haƙuri, ta nuna mini wata 'yar talabijin da ke maƙale a bango.

A nan na ga Liway. Tsawonta bai wuce ɗan yatsana ba, fuskar ta zama farin ɗigo saboda fitila. Muryar kuwa ta ƙasan ƙofa take fitowa, don haka na durƙusa na kara kunne a katako. Da ta gama, tafi ya girgiza ƙofar a kumatuna.

Ana buɗe ƙofa don hutu suka iso, Kuya Ambo a gaba rungume da kwalayen kek.

"Kin gani? Mun samu rabi. Rabin ƙarshe ma ya fi daɗi."

Na ciro tikiti na ba surukata nata. Na Kuya Ambo na kekketa shi a gabansa, na zuba masa a kan kwali. Celso ya matso yana raɗa, wai kada in kunyata wansa cikin mutane, kuma ba zai shiga ya bar shi a waje ba. Na ce ya kyauta, na yaga nasa shi ma.

Wayata ta yi ƙara. Saƙon Liway ne daga bayan labule: Mama, kin gan ni? A wane layi kuke?

Na danƙa wa Celso wayar a hannu.

"Kai ne ubanta. Amsa mata."

Na kama hannun tsohuwa muka shige.