Munduwar da Ta Ƙi Fita

Munduwar ta ƙi fita. Zakiya ta sake goga sabulu a hannun gawar, ta murza a hankali, amma ciwon da ya ɗauke maƙwabciyarta Mastura ya bar hannun a kumbure.

Daga bayan labulen buhu, Abdulwahid ɗan marigayiyar ya yi gyaran murya, ya kira ta inna da Larabci kamar yadda ya saba. "Khala, yalla, yi sauri. Mota ta iso, la'asar ta kusa."

Ba a sa mamaci a likkafani da ƙarfe a jikinsa. Kuma duk unguwarsu ta Karantina a Jidda an san zaucewar Zakiya a kan irin waɗannan mundaye. A shekarun yunwa, lokacin da mahajjata suka maƙale a Sudan suna haƙa wa gwamnati hanyoyin ruwa don su ci abinci, mahaifinta maƙeri yakan tsinci guntayen jan ƙarfe a wurin aikin, ya ƙera wa matan leburori, ya buga ɗan tauraro a kan kowacce. Can aka binne shi. Tun zuwanta Jidda take bin tsofaffi gida-gida tana tara su a gwangwanin madara, har ana yi mata tsiya wai ta fi 'yan gwangwan naci.

Ta Mastura ce ta ƙarshe da ya ƙera. Zakiya ta roƙa har bakinta ya gaji. Kullum Mastura sai ta yi dariya ta ce tun tana budurwa aka sa mata, Zakiya ta bari sai ranar wankan gawarta ta zare abarta lafiya lau.

Ga ranar ta zo. Tsohuwar da ke zuba mata ruwa ta raɗa mata cewa in aka lanƙwasa babban yatsa da ƙarfi za ta fita, ai mai shi ba ta ji.

Zakiya ta kama yatsan. Kwaɗayi ya taso mata, ta ji shi sarai, kunya ta biyo baya. Da hannun nan Mastura ta riƙa miƙo mata shayi ta kan katangar langa-langa.

"Khala?"

"Miƙo min zarto," in ji Zakiya.

Ta cusa gefen mayafinta tsakanin fata da ƙarfe. Inda zarton zai iya ci ba tare da ya taɓa nama ba, daidai kan tauraron ne. Ta dube shi sau ɗaya, ta fara gogawa.

Da aka fita da makara, ɗakin ya yi tsit. Gutsure biyu na jan ƙarfe suna kwance a gindin kwanon wanka, ruwan sabulu na rufe su.