Gambar Jibrin

Ni, Baturiya ake kirana, ni na goyi Jibrin a bayan nan nawa tun rasuwar ubansa, wato yayana. To wai shi ne ya dawo garinmu daga Kiru, yana ma'aikacin safiyo na ƙaramar hukuma, ya ce ba zan yi gini a filina ba. Ka ji fa!

Ruwa ya ci tsohuwar unguwarmu, aka ce za a yanka mana sababbin filaye. Nawa na gado yana bakin rafi, kusa da lambuna. Na sa an buga mini tubali, har ya bushe. Ga ƙasa mai laushi, ga ruwa a kusa, me tsohuwa ke nema kuma?

Yaron nan, in gaya maka gaskiya, ba malalaci ba ne. Kowa na gudun ruwan sama, shi kuwa sai an tsuge yake fita, ya naɗe ƙafar wando yana bin ruwan ya ga inda yake kwanciya da inda yake cin ƙasa. Ya duba jikin bishiyoyi inda ambaliya ta rataye yayi da karmami, ya auna, ya zana a taswirarsa. Da ya gama sai ya kakkafa turakun ƙarfe masu jan fenti, ya ce daga nan zuwa rafi noma kawai, ban da gini. Filina ya faɗa ciki ɗungurungum.

Na kira shi na wanke shi tas. Ya durƙusa, ya cire hula.

"Gwaggo, ki zage ni yadda kike so," in ji shi. "Amma ƙasar nan rairayi ne a ƙarƙashi. Ba zan sa hannu ki kwana a kanta ba."

"Bokon naka ne ya koya maka musu da manya?"

Bai matsar da turke ko ɗaya ba. Haushi kamar ya kashe ni.

Mutanenmu kuwa ka san su. Sun ga ƙarfe mai kyau a banza a daji, kafin mako ya zagayo kowace akuya a garin ta samu sabon turke. Na yi dariya har da hawaye, na ce yau ga ƙarshen taswira.

Ashe ban san ɗan da na rena ba. Bai kai ƙarar kowa ba. Amalanke ya ɗauko cike da saiwar gamba, ciyawar nan da muke shuka iyakar gona da ita. Ya gayyato mai unguwa da liman, ya dasa ta a gabansu, layi guda tun daga gindin tsamiya har mashayar Fulani, liman ya shafa fatiha. Shi ke nan ya ɗaure mu. Wa zai tuge gambar iyaka, ya je lahira da ƙasar wani a wuya? Ni kaina, duk tsiyata, ban iya ba. Na kwashe tubalina na hau tudu ina ta mita.

Damina ta sake zagayowa, aka yi wani ruwa da rana tsaka wanda tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Ina tsaye a ƙofar sabon ɗakina na ga gaɓar rafi tana zubewa kamar dunƙulen gishiri a miya. Tsohon filina ya zama kwazazzabo, raƙumi zai shige ba a ga tozonsa ba. Gambar nan ta riƙe ƙasarmu ta sama. Na tsorata, na kuma ji alfahari da yaron nan har ƙirjina ya cika.

Ranar kasuwa na hau bas na je Kiru, na same shi a ofis. Ya tashi zai durƙusa, na ce ya zauna. Ban iya ba wa yaro haƙuri ba, ba kuma a kansa zan fara ba.

"Ɗan nan," na ce, "ɗauko kayan awonka. Maƙabartarmu ma a gangare take, kuma ubanka yana layin ƙasa."