Farantin Baba da Hanjin Manaja

A gidan Injiniya, in ana zancen masu cin abinci, Baba ake fara ambata. Surukarsa Malama har gaban baƙi take yabonsa: shekara saba'in da huɗu, amma duk abin da ta zuba masa sai farantin ya dawo fes. Baba yakan yi murmushi ya ce ai hannunta ne mai albarka. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma wata uku ke nan yana sharara ta.

Gaskiyar magana, abinci ya daina wuce masa. Da fari nama ne yake tokare masa ƙirji sai ya kora da ruwa, daga baya burodi ya bi sahu, sannan shinkafa. Yanzu in ban da shayi da ruwan miya babu abin da ke sauka sai an sha fama. Bai gaya wa kowa ba, ba kuma shi da niyya. Matarsa da ƙafarta ta shiga asibiti, gwaji kawai aka ce za a yi, shi ya riƙe mata jaka a bakin ƙofa. Bayan kwana goma sha tara ya dawo gida da jakar shi kaɗai. Tun ranar, mutumin da ya yi shekara arba'in yana aikin kafinta bai taɓa shakkar zarto ba ya koma tsoron warin asibiti. Ya kuma san ɗansa sarai: ranar da Injiniya ya ji, ranar za a sa shi a mota.

Kare ne ya rufa masa asiri. Sunansa Manaja, wani ɗan guntun kare mai ruwan ƙasa da Injiniya ya kawo don gadi, aka wayi gari shi ake gadi. Ɗakin Baba yana da ƙofa ta baya, kuma da Malama ta ajiye tire ta juya, sai ka ji ƙaramin karce a jikin ƙofar. Soyayyen nama, miya mai maiƙo da yaji da albasa, duk Manaja ba ya tambaya. Har ƙwayar ciwon gwiwar Baba yana samun rabonsa, domin ita ma ba ta haɗiyuwa, sai Baba ya murƙushe ta da bayan cokali ya barbaɗa a miya, ya yi loma biyu ya gaza, saura ya tafi inda ya saba tafiya. A gaban mutane kuwa Baba ko kallon karen ba ya yi, cewa yake shi bai ga amfanin dabbar da ba a yanka ta ba a hawa ta ba.

Sai cikin Manaja ya ce bai yarda ba. Ya fara da gudawa, yau ta tsaya gobe ta dawo. Ya shiga susa ba ji ba gani, yana lasar tafin ƙafa har ya yi ja, kunnuwansa suna wari, gashi na zuba a kan kujeru. Abin da ya kai Injiniya bango shi ne ranar da shugabansa na wurin aiki ya kawo ziyara. Ana tsaka da hira a falo wata iska ta taso daga ƙarƙashin tebur, marar sauti amma mai nauyi, kowa ya yi shiru yana zargin na kusa da shi. Shugaban bai ƙarasa lemonsa ba.

Washegari aka ce sai wurin likitan dabbobi. Manaja ya ƙi shiga mota, ya je ya lafe a ƙafar Baba.

"Ikon Allah," in ji Malama. "Baba, ku da ba kwa shiri da shi?"

"Dabba ce, me ta sani," in ji Baba. Haka dai dole ya shiga motar, karen ya biyo shi.

Likitar mace ce mai fara'a, da tabarau a rataye a wuya. Ɗakinta ƙarami, teburin ƙarfe a tsakiya, sikeli irin na mutane a kusurwa. Manaja ya ƙi tsayawa a kan sikelin, ya ƙi yarda Injiniya ya ɗauke shi, ya kuma nuna wa likita haƙora.

"Ba komai, akwai dabara," ta ce. "Baba, ku ɗauke shi ku hau tare. Sai ku sauke shi ku hau ku kaɗai, in cire naku, abin da ya rage nasa ne."

Aka yi hakan. Saba'in da uku, sannan sittin da huɗu. Ta rubuta duka a katin karen, ta ja layi, ta sa tara a ƙasa. Ta tattaɓa cikinsa, ta leƙa kunne da baki, ta duba kashin da Injiniya ya kawo a kwalba da alfahari. Daga nan ta zauna ta yi musu bayani.

"Bangon hanji kamar rariya yake mai ƙananan ƙofofi. Abin da ya narke ya wuce cikin jini, datti da ƙwayoyin cuta su tsaya. In bangon ya kumbura, ƙofofin sai su buɗe, abin da bai kamata ya wuce ba ya wuce. Hanjin yana yoyo ke nan. Jiki kuma ya tashi faɗa da abin da ya shigo, shi ne kuke ganin ƙaiƙayi da ciwon kunne, ga gudawa ga kumburin ciki."

"Me ke kawo shi, Likita?" Injiniya ya riga ya fito da biro.

"Abubuwa da yawa. Tsutsar ciki, abincin da bai karɓe shi ba, maiƙo da yaji, yawan maganin kashe ƙwayoyin cuta, har damuwa. Mafi muni, maganin ciwon jiki na mutane. Me yake ci?"

Injiniya ya jero: abincin karnuka na buhu, awo biyu a rana, ruwa tacacce, ko ɓawon burodi ba a ba shi. A gidansa, ya ce, komai da tsari. Baba ya ɗaga kai yana nazarin silin, ya lura wanda ya buga shi bai iya aiki ba.

"Yana haɗiya lafiya? Yana dawo da abinci bayan ya ci? Ya rage kuzari?"

Saura kaɗan Baba ya amsa. Wata uku babu wanda ya yi masa waɗannan tambayoyi, yau ga su ana yi wa kare a gabansa, da murya mai taushi kuma. 

Magani, in ji likita, ba a kwalba yake ba, a gano abin da ke ɓata hanjin a daina. Ta ba da na tsutsa, da wani gari mai ƙwayoyin halitta masu gyara ciki, ta ce dafaffen naman kaza da farar shinkafa kawai, ba gishiri ba mai, da romon ƙashi kaɗan. Ban da wannan ko lasa kada ya yi. A dawo duk bayan mako biyu.

Gida ya koma asibitin Manaja. Injiniya ya manna jadawali a jikin firij, ƙarfe bakwai, ƙarfe ɗaya, ƙarfe shida. Ya sayi ɗan littafi yana rubuta kalar kashin kare da kaurinsa, yana bugo waya daga ofis ya ji ko an yi, in an yi yaya ya fito. Baba yana jin su ta taga. Shi da ya haifi mai littafin, "Baba an tashi lafiya?" yake samu, kafin ya amsa an kai bakin mota.

Matsalarsa yanzu faranti. Kwandon shara Malama ce ke zubarwa, za ta gani. Ya gwada masai, ya toshe, aka kira mai gyaran famfo ya zaro ƙashin kaza yana kallon mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya. Rana ta uku da aka karci ƙofa, Baba ya buɗe. Ya dai ɗauraye naman da ruwa, ya kuma bar barbaɗa ƙwayar, yana gaya wa kansa ai an rage.

Hanji bai san an rage ba. A zuwa na biyu Manaja ya sauka zuwa takwas da rabi, likita ta ce lallai akwai mai ba shi wani abu. Ana shiga gida Injiniya ya sauke wa Malama kwandon masifa: ita ce ba ta wanke tukunya da kyau, ita ce ke barin kicin a buɗe. Malama ta ce shekara goma sha biyu tana dafa wa gidan nan abinci ba wanda ya taɓa gudawa, a tambayi Baba. Ta faɗa tana kuka. Baba yana zaune a bakin gado, karen na kwance a tsakar gida yana susa har yana ƙara, ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba tun yana yaron shago. Ya cuci dabba, ya sa an ci mutuncin yarinyar da ke kiransa uba, duk don kada a sa shi a mota. Amma ko a lokacin bai tashi ya je ya faɗa ba.

Sai ya sake dabara. Ya ce likitan gwiwa ya taɓa ba shi shawarar tattaki, ya riƙa juye abincin a leda, ya sa a aljihu, ya taka har kwanar titi inda babbar durom ɗin shara take. Malama ta ji daɗi, ta ce shi ya sa cin nasa ya ƙaru, ta ƙara masa yawan shinkafa. Manaja kuwa ya yi ta karce ƙofa yana kuka ƙasa-ƙasa, Baba yana ciki ya toshe kunne. Bai taɓa zaton rufe wa kare ƙofa zai yi masa ciwo haka ba.

Kare ya warke. Gudawa ta tsaya, gashi ya fito, falo ya koma wurin da baƙo zai iya shan lemonsa ya ƙarasa. Injiniya ya ce ai dama tsari ne, in aka bi tsari babu abin da ba ya gyaruwa.

A zuwa na biyar Baba ya sunkuya zai ɗauki Manaja, sai da ya dafa teburin ƙarfen kafin ya miƙe. Ya hau, ya sauke karen, ya sake hawa. Likita ta rubuta, ta ja layi.

"Goma cif! Manaja, ka yi ƙoƙari."

Injiniya ya washe baki yana neman shafin da zai rubuta. Likita ba ta rufe katin ba. Ta sa tabarau, ta bi layin da yatsa daga sama zuwa ƙasa, ba layin karen ba, na kusa da shi, wanda take cirewa ta watsar. Ta daɗe a kai.

"Yallaɓai, zo ka ga wani abu. Sittin da huɗu. Sittin da biyu. Sittin. Hamsin da takwas. Yau hamsin da biyar. Wata biyu ke nan."

"Na wa?"

"Na mahaifinka."

Injiniya ya yi 'yar dariya. "Sikelin ne, Likita. Baba ai ya fi kowa ci a gidanmu. Farantinsa ko ƙwayar shinkafa ba ya ragewa."

"Ni ban auna faranti ba," ta ce. Ta juyo ta dubi Baba, ta dubi wuyan rigarsa da ya yi masa yawa, da sabon ramin da ya huda wa bel ɗinsa da ƙusa, ta dubi karen da ya manne da ƙafarsa. "Baba, ni likitar dabbobi ce, ba hurumina ba ne. Amma zan tambaye ku abin da nake tambaya a kan kowane marar lafiya da aka kawo mini. Kuna haɗiya lafiya?"

Baba ya nemi silin, ya ga ya riga ya gama da shi tun zuwan farko. Ƙarya uku ya tanada, duk masu kyau. Da ya buɗe baki sai ya ji ya gaji.

"Ba ya wucewa, 'yata."

"Tun yaushe?"

"Wata biyar. Shi yake cinye mini. Har da maganin gwiwa." Ya dubi ɗansa. "Ba laifin matarka ba ne. Ka ba ta haƙuri."

Likita ta cire tabarau ta ce kada a kai gobe ba a kai shi asibiti ba.

A mota, Manaja ya ɗora haɓa a cinyar Baba, Baba ya bar hannunsa a kansa, yau ba ya ɓoyewa. Injiniya ya riƙe sitiyari da hannu biyu, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Sai da suka tsaya a danja ya yi magana.

"Baba, na san nauyin karen nan har da rabin kilo."

"To ai shi yana tusa a falo," in ji Baba. "Ni ban taɓa yi maka ba."

Injiniya ya yi wani sauti, tsakanin dariya da kuka, ya goge fuska da hannun riga. Danja ta ba da hannu. Suka iso kwanar gida, motar ba ta rage gudu ba. Baba ya san inda titin nan yake ƙarewa, ya san farin ginin da ƙofar gilashi, har bencin da ake zama a riƙe jaka ya sani. Tsoro ya kama shi sosai, karen ya ɗago ya dube shi. Ya leƙa agogon mota.

"Ɗaya saura kwata. Ka fara kai shi gida, lokacin abincinsa ya kusa. Kada a ɓata masa tsari."

Injiniya bai juya ba.

"Yau shi zai jira, Baba."