Ta'aziyyar da Na Bari a Jahun

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma yadda ya zo haka zan faɗe shi, ba ragi ba ƙari.

Kafin in kwanta na tsara tafiyar da zan yi yau daga Wudil zuwa Haɗeja. Inna Kulu, mahaifiyar abokina Haladu, ta rasu ranar Lahadi. Yau Asabar ake addu'ar bakwai, da la'asar kuma za a naɗe tabarmin zaman makoki. Ni ban je ba tukuna. Ranar da aka yi rasuwar na kira Haladu a waya, ya ce ba komai, ya san yanayin aiki. Shekara uku na yi ina cin tuwon matar nan lokacin da nake sakandare a garinsu. Na san irin "ba komai" ɗin da ake ce wa wanda ya ci tuwo shekara uku.

A bayan wani ambulan na rubuta tsarin. Tashi, shida da rabi. Shan mai a Gaya. Haɗeja, ƙarfe tara. Juyowa bayan azahar, gida kafin magariba. A ƙasa na ja layi biyu ƙarƙashin sharaɗi guda: kada kowa ya sani. Kuskure ɗaya na yi. Da yamma na wanke motar a ƙofar gida, na buɗe gabanta na duba baƙin mai, na bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya ina dannawa da ƙafa. A layinmu, wannan daidai yake da sa sanarwa a rediyo.

Sai na gan ni a ƙofar gida, gari ya waye sarai. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi yana tafiya sama, mutane sun naɗe ƙafar wando, hulunansu a bushe. Ban ga abin mamaki a ciki ba. Na buɗe motar na tarar da ta'aziyyata a kujerar gaba, an ƙunshe ta a farin ƙyalle, girmanta bai wuce burodi ba. Na ja bel na ɗaure ta.

Ina ɗagowa na ga layi. Maƙwabcina Alhaji Ɗanlami ne a gaba, ya dafa buhun masara.

"Malam Mamuda, ashe tafiya ta kama."

"Wa ya gaya maka, Alhaji?"

"Motarka mana. Tun asuba take bin gidaje tana sallama."

Na dubi motar. Ta kawar da fitilunta gefe.

"'Yar masara ce za ka miƙa wa 'yata a Ringim," in ji Alhaji. "Ai kan hanyarka ne."

"Alhaji, Ringim ba kan hanyata take ba."

"Duba takardarka."

Na duba ambulan. Ringim ta shigo tsakanin Gaya da Haɗeja, da rubutun hannuna. Garuruwan sun matsa mata kamar yadda ake matsa wa wanda ya makara a sahu.

Bayansa sai Iya Tasalla, tsohuwar da ke gidan kusurwa, da wata tukunya an rufe bakinta da faifai an ɗaure da tsumma.

"Ɗan nan, magana ce ga ƙanwata a Birnin Kudu. Kada ka bari ta huce."

"Iya, ai da kin kira ta a waya."

"Wannan maganar a waya? So kake wayar ta ƙone? Kan hanyarka ne, ɗan albarka."

Birnin Kudu ma ta shigo takardar. Dalha tela ya kawo kan keken ɗinki da za a kai gyara. Wani da ban taɓa gani ba ya kawo tsani, ya ce shi da kakana unguwarsu ɗaya. Kowa ya ajiye nasa sai ya ce in zan dawo in taho masa da busasshen kifi, tunda Haɗeja za ni. Na ce to. Na ƙirga daga baya, sau goma sha tara na ce to. Agogo ya nuna takwas da kwata.

A Gaya na tsaya shan mai. Mai zuba man ya gaishe ni da kyau, ya sa bututu a tanki, famfon ya zuƙe rabin abin da ke ciki. Ya ce Allah ya kiyaye hanya, sannan ya miƙo mini agwagwa ta taga.

"Ta surukina ce, a Kafin Hausa."

Wannan kam kan hanyata ne da gaske, don haka na karɓa.

Sai ga ni a Jahun. Kafin shiga gari an gitta gora a titi, ga wani ɗaki mai rufin kwano a gefe, an rubuta a jikin bango: Ofishin Awon Saƙo. Awaki ne ma'aikatan. Biyu suna cin fayil a kan benci. Shugabansu wani bunsuru ne mai furfura a gemu, da tabarau a kan hanci. Ya sa aka hau da motar kan sikeli, ya dubi allurar ya daɗe.

"Ta yi nauyi," in ji shi. "Gadar gaba ba za ta ɗauka ba. Sai an sauke kaya ɗaya."

"Ranka ya daɗe, sauri nake. Kafin la'asar nake so in shiga Haɗeja."

"Kowa kafin la'asar yake so. Ku auna mini ɗaya bayan ɗaya."

Aka auna masara, aka auna tsani da agwagwa. Tukunyar Iya Tasalla ta ƙona ƙafar akuyar da ta ɗauko ta. Daga ƙarshe bunsurun ya nuna kujerar gaba da gemunsa.

"Wancan fa?"

"Ta'aziyya ce. Tawa ce."

Awaki huɗu suka taru kafin su iya ɗaga ta. Da aka ɗora ta a sikeli allurar ta zagaya har ta wuce ta masara sau biyu.

"Kwananta nawa?"

"Shida."

"Shi ya sa. Ranar farko a aljihun gaba ake sa irin wannan, a hau motar haya. Ran uku sai an sa hannu biyu. Kai ka bari ta kwana shida." Ya cire tabarau ya goge a ƙirjinsa. "To, zaɓi. Ba mu muke zaɓa ba, mu awo kawai muke yi."

Na kama bakin buhun masara zan sauke. Kan Alhaji Ɗanlami ya leƙo daga ciki, da hularsa.

"Haba Malam Mamuda. Katanga ɗaya fa muka haɗa."

Na saki. Na kai hannu kan tukunya, muryar Iya Tasalla ta fito ta ƙarƙashin faifan: "Ranar sunanka ni na yi waina." Tsanin ma ya yi gyaran murya ya ambaci kakana. Na tsaya ina duban kayan. Duk abin da ke motar nan akwai mai shi, kuma gobe zan haɗu da mai shi a masallaci ko a bakin famfo. Ƙunshin farin ƙyallen ne kaɗai bai ce komai ba.

"A sauke wannan," na ce. "In na juyo sai in ɗauka."

"In ka juyo daga ina?" in ji bunsurun.

"Daga Haɗeja."

Ya dube ni ta saman tabarau. Sannan ya rubuta takardar shaidar ajiya, ya buga mata hatimi, ya nuna mini na karanta, ya cinye ta. Aka ɗaga gorar.

Motar ta yi sauƙi ƙwarai, har tayoyin gaba ba sa taɓa kwalta sosai. Na kai masara Ringim. 'Yar Alhaji ta ce ita gero ta ce a aiko, amma ba komai, ta ba ni ƙwarya biyu in kai wa babanta. A Birnin Kudu ƙanwar Iya Tasalla ta buɗe tukunyar ta saurara, ta ce in jira amsa, ta shiga ta hura wuta. Amsar ta ɗauki minti arba'in kafin ta tafasa. Mai gyaran keken ɗinki ya tashi daga inda aka kwatanta mini, ya koma wani gari da shi ma ya shigo takardata nan take. Duk inda na sauke kaya ɗaya, biyu ake ba ni. Duk inda na tsaya sai an kawo ruwa, an tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ni ma na tambayi nasu. Ambulan ya cika da sunayen garuruwa har ta ciki. Haɗeja tana can ƙasa, a bakin takardar, harafin ƙarshe ya faɗi.

Bayana ya ƙage. Ruwan yana ta tashi daga kwalta yana shigowa ta ƙasan mota, safata ta jiƙe. Ban ji haushin kowa ba. Gajiya ce kawai, irin wadda mutum ke ji a ƙwayar ido.

Sai ga ni a ƙofar gidan su Haladu. Ban ga lokacin da na shigo gari ba. An kwance rumfa, an jingine kujeru. Tabarmi suna naɗe kansu ɗaya bayan ɗaya suna shiga zaure. Saura guda, Haladu na zaune a kanta, ya taka bakinta da ƙafa don kada ta tafi.

"Mamuda," ya ce. "Tun azahar nake riƙe da ita. Zauna."

Na cire takalmi na zauna. Na ɗaga hannu kamar yadda ake yi. Na buɗe baki.

"Alhaji Ɗanlami ya ce a taho masa da kifi, mai tsoka, ba ƙanana ba."

Haladu ya gyaɗa kai. "Za a samu."

Na sake gwadawa. Na san kalmomin sarai, tun ina yaro nake faɗinsu, ba su fi guda goma ba.

"Dalha tela ya ce in ba a samu irin allurar ba, a bar keken kawai."

"To," in ji Haladu. "Sannu da hanya. Ka sha kaya."

Ya leƙa motar ta bayan kafaɗata. Ya ga ƙore, ya ga tukunya, ya ga tsanin da har yanzu ban gano mai karɓarsa ba. Idonsa ya tsaya a kujerar gaba, inda bel yake ɗaure ba komai a ciki.

"Duk na mutane ne?"

"Duk."

"Naka fa?"

"Yana Jahun. Nauyi ya yi."

"Na sani," ya ce. "Nan ma da nauyi."

Daga cikin zaure Inna Kulu ta fito, da kallabinta mai ruwan toka da na sani, tana riƙe da kwanon tuwo. Ta ajiye a gabana kamar yadda take yi a da, ta juya murfin ta zuba ruwan wanke hannu a ciki.

"Mamuda, ka rame. Har yanzu ba ka iya ce wa mutane a'a ba?"

"Ban iya ba, Inna."

"Ni dai na jira ka har yanzu, amma ana kirana. Ba abin da za ka ce mini?"

Na buɗe baki, na ji maganar agwagwa ce za ta fito, sai na rufe. Ta ɗan jira. Sannan ta ɗauki kwanon da ban taɓa ba ta koma ciki.

Aka kira la'asar. Haladu ya ɗage ƙafarsa. Ya ce in ɗan tashi, na tashi. Ya rataye tabarmar a jikin katanga, ya ɗauki sanda ya fara kaɗe mata ƙura. Bai yi fushi ba, a hankali yake bugawa, sau uku, ya dakata, ya sake sau uku.

Bugun ƙofar gidanmu ne. Ƙofar ƙarfe ce, ana ƙwanƙwasa ta da makulli. Na buɗe ido, agogon bango ya nuna shida da minti biyar. Ambulan yana kan tebur, garuruwa biyu ne kawai a jiki, Gaya da Haɗeja. Na ji matata Sa'ade ta zare sakata, na ji muryar Alhaji Ɗanlami, sannan ƙarar buhu ana jan sa a siminti.

"Maman Asiya, an ce Malam zai shiga Haɗeja?"

Sa'ade ta leƙo ɗaki. "Ka ji. Su uku ne a waje. Me zan ce musu?"

Na sauko da ƙafafuna, na lalubi makullin mota na miƙa mata.

"Buɗe musu but ɗin mota. Na cikin garin Haɗeja kaɗai, abin da ya shiga ya shiga. Shida da rabi zan tashi. Kujerar gaba kuma kada a sa komai, akwai kaya."

"Wane kaya? Jiya da kai muka share motar, ba komai a kujerar nan."

"Akwai," na ce. Na ɗauki buta.