Makulli a Jikin Ƙusa

Kuna wurin. Kar wanda ya ce min ba ya nan, domin na ga fuskokinku: maza goma sha ɗaya a ƙofar gidan Malam Maikano, ni ne na sha biyu. Ƙasimu mai babur yana cikin motar yana gumi. Ya murɗa makulli ta tashi, ya saki kuloci ta yi tsalle ta mutu, karo na uku ke nan. Malam Maikano yana kwance a kujerar baya, kansa a kan cinyata, bakinsa ya karkace, ido ɗaya yana kallona. Matarsa tana tsaye a bakin soro. Kowa ya san abin da ya fito da ita, kowa kuma ya kau da kai. Kai da kake karanta wannan daga wata unguwa, kada ka ji daɗi, ban cire ka ba.

Bari in koma baya saboda waɗanda ba su san shi ba.

Malam Maikano tsohon malamin gona ne, katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasa a Sabon Garin Wudil. Tun ina firamare nake ganin motarsa a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidansa: ƙarama, mai ƙofa huɗu, ruwan toka da rana ta cinye har ya koma kalar tukunya. Babu abin alfahari a jikinta. Ba ta da na'urar sanyi, rediyonta tasha ɗaya yake kamawa, hannun sauke gilashi kuwa guda ɗaya ne ya rage, sai dai a riƙa miƙa shi daga ƙofa zuwa ƙofa. Amma murɗa ɗaya take tashi, da damina da rani. Mai kaɗan take sha. In wani abu ya lalace, kowane bakanike a bakin titi yana da shi a cikin tarkacensa.

Ta ɗauko buhunan masara daga gonarsa ta Dagumawa. Ta kai tumaki kara, kasuwar dabbobi, a cikin but. Ta bi yashin hanyar Achika inda manyan motoci suke kafewa. Fiye da komai dai, ita ce motar asibitin layinmu. Rabin yaran da suke wasa a layin nan a cikinta iyayensu mata suka tafi haihuwa. Saboda haka ne Malam yake da wata al'ada da ba ya saɓawa: kullum ya dawo sai ya juya ta da baya, hancinta yana kallon titi. Tanki ba ya barin ya sauka ƙasa da rabi. A but akwai tabarma da filo da jarkar ruwa. Makulli kuwa ba ya shiga aljihunsa, a jikin wata ƙusa yake rataye shi a cikin soro, daidai inda hannun kowa zai kai.

"Ba tawa ba ce ni kaɗai," in ji shi. "Duk wanda lalura ta kama, ga makulli nan."

Shekara ashirin makullin yana jikin ƙusar. Ko mutum ɗaya a cikinmu bai taɓa cire shi ba, domin ko mutum ɗaya bai koyi tuƙi ba. Me zai sa mu koya? Malam yana nan. Ƙwanƙwasa masa ƙofa ya fi sauƙi.

Ranar Talatar makon da ya rasu na same shi yana goge gilashi da tsumma. Na dawo daga makarantar da nake koyarwa, ina sauri. Muka gaisa, ya tambayi mutanen gida da ɗalibai da gajiya, sannan ya jingina da motar. Na lura yana haki.

"Ɗan boko," ya ce, "yaushe za ka zo in nuna maka giya?"

"Baba, bari a gama jarrabawar yara."

"Ja'afar, shekara uku ke nan kana gama jarrabawar nan. Yaran ba su gaji ba?"

Na yi dariya. Ya ce, "Na ji an ce ka yi dogon rubutu a waya, ka zagi gwamnati kan babu motar ɗaukar marasa lafiya."

"Ai gaskiya na faɗa, Baba."

"Gaskiya ce. To ga wata nan a ƙofar gidanku, babu direba. Ita wa za ka zaga?"

Na ce masa ranar Asabar zan zo. Ya miƙo min tsumman ya ce in goge masa saman motar, wai hannunsa na hagu kwana biyu ba ya son ɗagawa. Na goge, na wuce. Ban tambaye shi ko ya je an duba jininsa ba.

Akwai wani abu kuma da duk layin ya sani. Damina uku da suka wuce, da hawan jini ya fara kama shi, Malam ya koya wa matarsa Inna Rahinatu tuƙi a hanyar gona. Masu zuwa Dagumawa sun sha ganinta a kan sitiyari, shi yana gefe yana cin gyaɗa. In sun kusa shigowa gari sai su tsaya su yi musanyar kujera. A teburin mai shayi an yi wata guda ana raha da zancen. "Direban Malam," haka ake kiranta a bayan idonta. Ni ma na yi dariyar.

Ranar Juma'a da hantsi, wajen ƙarfe sha ɗaya, muka ji salatin Inna Rahinatu. Malam ya faɗi a tsakar gida yana alwala. Wanda ya san Wudil ya san Juma'a ranar kasuwa ce. Duk mai mota da mai adaidaita yana can bakin kara yana lodi, babban titi kuma motocin shanu sun cushe shi. Muka kinkimo Malam mu huɗu, mutum ne mai jiki, muka shimfiɗa shi a kujerar baya. Na shiga na tallafe kansa. Sai a lokacin muka kalli juna.

"Wa ya iya?"

Babu ko ɗaya a cikinmu.

Na kira Malam Ishaya, ma'aikacin jami'a da yake haya a ƙarshen layinmu, shi kaɗai ne na san yana tuƙi. Ya ce yana wurin aiki amma ga shi nan tafe, sai dai hanya a cushe take. Wani ya ce a ɗora shi a babur. Yaya za a zaunar da mutumin da rabin jikinsa ya saki?

Inna Rahinatu ta fito da hijabinta, makullin a hannunta. Ita ta cire shi daga ƙusar. Ta nufi ƙofar direba. Sai Baffa Yahuza, yayan Malam, dattijo mai kusan saba'in, ya sha gabanta. Bai ɗaga murya ba, wannan ne abin da ya fi damuna har yau. A hankali ya yi maganar, kamar mai rarrashi.

"Rahinatu, kawo nan. Koma ciki ki yi masa addu'a. Ga maza cike da ƙofar gida, a ce ke za ki ratsa gari ranar kasuwa? Me za a ce da mu?"

"Yaya, na iya," ta ce.

"Na sani. Kawo dai."

Ta kalle mu ɗaya bayan ɗaya. Ta kalle ni ta gilashi. Ni mai digiri, ni da ba a gama magana a gabana ban yi gyara ba, na sunkuyar da kai ina gyara wa Malam hula. An koya min ba a katse dattijo, kuma a ranar na yi biyayya. Ta miƙa makullin. Baffa ya miƙa wa Ƙasimu.

"Kai da kake tuƙa babur, ai duk inji ne."

"Baffa, wallahi ban taɓa ba."

"Shiga dai, Allah zai taimaka."

Nan muka dawo inda na fara. Motar ba ta ba mu kunya ba ko sau ɗaya. Duk murɗawar da Ƙasimu ya yi sai ta tashi. Mu ne muka kasa. Kowa ya zama malami daga waje: "Taka na tsakiya!" "A'a, na hagu!" "Saki a hankali mana, kai!" A karo na huɗu ta zabura ta daki kututturen darbejiya, kan Malam ya bugu da ƙirjina. Na duba waya daga baya, tsakanin kiran da na yi wa Malam Ishaya da wannan lokacin minti ashirin da biyar ne.

Inna Rahinatu ba ta sake neman izinin kowa ba. Ta zo ta buɗe ƙofar.

"Ƙasimu, fito."

Ya fito da sauri kamar dama jira yake. Baffa ya buɗe baki, ta ce, "Yaya, in na dawo ka yi min faɗan." Ta tattare hijabi, ta ja kujera gaba, ta yi baya taku biyu, ta saka giya. Motar ta tafi sumul kamar Malam ne a kai.

Ba ta bi babban titi ba. Ta kurɗa ta lunguna, ta bayan makarantar allo, ta gefen injin niƙa, hanyoyin da ban san mota tana wucewa ba. Mutane suna tsayawa suna kallo. Wani yaro ya yi ihu, "Mace! Mace ce!" Ba ta ko waiwaya ba.

"Ja'afar, sauke masa gilashi ya sha iska," ta ce, ta miƙo min hannun gilashin ta saman kafaɗarta.

Na sauke. Ina ta yi masa kalmar shahada a kunne. Hannunsa na dama yana riƙe da yatsuna biyu. Muna hango katangar asibiti na ji riƙon ya saki. Na ci gaba da salati kamar yana ji.

"Na gani," ta ce. Idonta yana kan madubi. "Na gani, Ja'afar. Bari dai mu ƙarasa."

Likita ya fito har cikin motar ya duba shi, ya girgiza kai. Na bi shi baranda na tambaye shi ko da mun zo da wuri da an yi wani abu. Ya ce shi ba zai iya rantsewa ba, amma a irin wannan ciwon kowane minti yana da daraja. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ba zan ƙara masa ba.

Ita ta tuƙo mu gida. Ƙofar gida ta cika, masu shirin masallaci sun tsaya. Ta wuce darbejiyar kaɗan, ta tsaya, ta saka giyar baya, ta juya motar a hankali har hancinta ya kalli titi. Sannan ta kashe, ta shiga soro ta mayar da makullin jikin ƙusa. Sai da ta shige ciki muka ji kukanta.

Bayan sallar Juma'a aka yi jana'iza. A zaman makoki kalma ɗaya ce a bakin kowa: kwana ya ƙare. Ni ma na yi imani da haka, ban fi kowa tauhidi ba. Amma Allah bai ce mu tsaya minti ashirin da biyar muna koya wa mai babur kuloci alhali direba tana tsaye a bakin soro ba. Wannan namu ne. Baffa Yahuza ne ya zauna karɓar gaisuwa duk kwana ukun. Yanzu in zai je masallaci ta ɗaya layin yake zagayawa, ba ya bi ta gaban motar. Ban tsane shi ba. Shi ya faɗi abin da aka rene shi a kai, mu sha ɗaya kuma muka taya shi da shiru.

'Ya'yan Malam da suke Kano sun ce a bar motar inda take. Inna Rahinatu tana takaba. Rana ta takwas ta aika aka kira ni, ta yi min magana ta bayan labule.

"A riƙa tayar da ita da safe, ko minti biyar ne. In ta daɗe a ajiye batir zai mutu."

"Inna, ban iya ba."

"Na sani," ta ce. "Murɗa makulli kawai ne. Wannan dai ai za ka iya."

Malam Ishaya ya yarda zai riƙa koyar da mu duk Asabar da safe a filin ƙwallon bayan firamare. Asabar ta farko mu bakwai muka je, har da masu ɗaukar hoto. Ta biyu mu uku. Jiya ni kaɗai ne, ni da Malam Ishaya muna zagaye fili, awaki suna kallonmu. Na gaji da rubutu, na gaji da jin "in sha Allahu mako mai zuwa" daga bakin mutanen da na san muryar, domin tawa ce ta shekara uku.

Saboda haka ba roƙonku nake ba. Asabar mai zuwa, ƙarfe bakwai, ku zo filin. Wanda yake da ƙanwa ko mata ko 'ya da ta isa, ya rubuta sunanta ya kawo, Inna Rahinatu ta ce ranar da ta fita takaba ita za ta koya musu. Wanda ba ɗan layinmu ba, ya fita yau ya nemo motar da unguwarsu take dogara da ita, ya tambaya mutum nawa ne suka iya tayar da ita su kai ta asibiti.

In kun zo wucewa za ku gan ta a ƙarƙashin darbejiya, hancinta yana kallon titi, ganye ya taru a kan gilashi. Tsumman yana kan taya ta gaba. Makullin yana cikin soro, a hannun dama, daidai kafaɗa. Ku shiga ku ciro shi.