Iskar Riɗi a Tayoyin Badaru

Suna sauka daga kwalta a-kori-kurar Badaru ta faɗa rami ta yi tsalle, sai ya ji ana bubbuga rufin motar daga baya. Ya ɗauka mai afkuwa ce ta afku. Ya taka burki, ya fito yana salati.

Ashe Kawu Datti na nan da ransa. Yana kwance kan katifa a bayan motar, kansa a cinyar ɗansa Ɗayyabu, ya rame har zanen rufarsa ya fi shi cika ido. A asibitin Gaya an ce a mai da shi gida. Shi kuwa abu ɗaya ya roƙa, a kai shi garinsu Gafasa yana numfashi, gaban matarsa Hanne, wadda ciwon ƙafa ya hana ta zuwa dubiya. Badaru, da katanga ɗaya ta raba gidajensu, shi ya ɗauki alkawarin.

"Shi ya ce a tsaya," in ji Ɗayyabu.

Tsohon ya motsa baki, Badaru ya kai kunne.

"Me ka ɗauko jiya?"

"Riɗi, Kawu. Har sai da motar ta durƙusa."

"Shi ya sa. Iskar riɗi ce a tayoyinka. Ni ba buhu ba ne, Badaru. Rage."

"Kawu, in na rage dole mu tafi a hankali. Ina tsoron kada mu makara."

"Da wannan jijjigar ko rabin hanya ba zan kai ba."

Wa zai ja da shi? Mutumin da ya tsufa yana faci a bakin tasha, babu direban da bai sha faɗansa a kan taya ba. Badaru ya samo tsinke, ya durƙusa ya danna bakin tayar baya, iska ta fara fita. Idon Kawu a rufe yake. Can sai yatsansa ya ɗaga, alamar ta isa. Haka Badaru ya yi wa kowace taya. Yau da safe tsohon nan bai gane ɗan cikinsa ba, amma ga kunnensa yana aikinsa daram.

Da suka tashi, motar ta riƙa bin yashi luf-luf kamar mai goyon jariri. Masu babur suka yi ta wuce su. Badaru yana tuƙi yana kallon madubi, tsoro fal cikinsa, Ɗayyabu kuma yana gyaɗa masa kai.

A soro suka tarar da Hanne, ta jawo jiki tun hantsi tana jira. Aka kwantar da shi gabanta, ta dafa goshinsa.

"Malam, ka dawo?"

"Na dawo. Lallaɓo ni aka yi."

Ta ba shi ruwa a ludayi, ya sha. Kafin la'asar Allah ya karɓi abinsa.

Da aka share makoki Badaru ya fita neman lodi. Bai ankara ba sai ga shi ya tsaya gaban rumfar faci, yadda ya saba duk ranar ɗaukar kaya. An lulluɓe injin iska da buhu, bencin ba kowa. Ya sauko, ya danna tayar baya da babban yatsa, ta lotsa daidai inda Kawu ya ce ta isa. 'Yan lodi na ta kiransa daga tsallaken titi, shi kuwa yana durƙushe, hannunsa a kan tayar.