Makullin Tsohuwa

Ni dai tela ce, keken ɗinki na sani. In ya ƙi tafiya in ɗiga masa mai, in ya ci gaba da gardama in kira mai gyara. Saboda haka in kun ji na karkace a labarin nan ku yi mini uzuri, don har yau kaina bai gama warwarewa ba.

Maigidana a wani kamfanin raba magunguna yake aiki. Likita suke ce masa a can, alhali ko allura bai iya ba, kwamfutoci yake jinya. Bai yi makarantar abin ba, a shagon gyara ya koya, yana kwancewa yana ɗaurawa har hannu ya faɗa. Akwai wata babbar kwamfuta a kamfanin, saba ake ce mata, wadda duk sauran na ofis suke ɗebo bayani daga cikinta: wane shago ya yi oda, wane magani ya kusa lalacewa, wace mota za ta ina. Ma'aikata sun sa mata suna Tsohuwa. Makullinta, wato kalmar sirrin da ke buɗe ta gaba ɗaya, yana wurin maigidana tun kafin in haifi autata. Kullum da safe, kafin ya ce mini ina kwana, sai ya buɗe laftof ya leƙa ta daga gida. Na yi mita har bakina ya gaji.

Ana nan aka kawo sabon manaja, shi kuma ya ɗauko wata yarinya mai digiri, aka ɗora ta a kan maigidana. Injiniya ake ce mata. Tana zuwa ta ce babbar manhajar da ke tafiyar da Tsohuwa ta tsufa, waɗanda suka yi ta ma sun daina kula da ita, a canza. Maigidana ya ce abin da ke aiki ba a taɓa shi. Ta kafa doka duk ƙarshen mako a kwafe kayan cikin Tsohuwa a adana a gefe. Ya riƙa yi yana ƙunƙuni, wai ɓata lokaci ne irin na 'yan littafi.

Sai manaja ya kira shi ya ce tsarin kamfani ya canza. Wanda ba shi da takardar shaida ba zai riƙe makullin saba ba. Ko ya kawo takarda kafin shekara ta ƙare, ko makulli ya koma hannun Injiniya.

Ranar ko abinci bai ci ba. Na ce, "To albashin za su rage?" Ya ce a'a. "Korar ka za su yi?" Ya ce a'a. Na ce, "To ni ban gane ba. Ka ba ta makullin mana, mu ma mu samu a gaishe mu da safe." Irin kallon da ya yi mini, kai ka ce cewa na yi ya ba da auta kyauta.

Ni ce na ce ya shiga makarantar ƙarshen mako, tunda abin ya tsaya masa a rai. Ya shiga, da furfurarsa, cikin sa'o'in ɗanmu na fari. Yakan dawo a ruɗe. Wai abin da yake yi ido rufe, in aka ce ya bayyana dalilinsa sai ya yi tsuru-tsuru. Wai kuma abin da malamin ya bayyana tiryan-tiryan, in an je kan na'ura sai ta ƙi. Na ce, "To waye mai gaskiya?" Ya ce, "Duka." Ka ji fa amsa.

Wata Asabar bayan azahar yana tsakar falo yana shirin jarrabawar aiki da hannu. Abin da za a sa su shi ne su share saba fes, su ɗora mata sabuwar manhaja daga tushe. Shi kuwa duk daɗewarsa a aiki bai taɓa yi ba, Tsohuwa a tafe ya gaje ta, lallaɓa ta kawai yake yi. Makaranta ta ba kowane ɗalibi sabar gwaji da zai shiga daga gida ya yi ta ɓarna. Na kawo masa shayi, na ga baƙaƙen tagogi biyu a fuskar laftof, da ƙananan rubutu kamar tururuwa, ba abin da ya raba su.

Na ce, "Wannan fa?"

Ya ce, "Ta makaranta ce. Waccan kuma Tsohuwa, ina sa mata ido."

"Ya kake bambance su?"

Ya yi dariya ya ɗaga yatsunsa. "Hannun nan ya sani."

Na koma kan keke. Ban gama kafa hannun riga ɗaya ba na ji shiru, irin shirun da in yaro ya yi shi ka san ya fasa wani abu. Na leƙo. Yana zaune baki buɗe, gumi na bin wuyansa, fanka kuwa na kansa. Da ƙyar ya ce, "Na share ta."

Na ce, "To madalla, ba abin da aka ce ka koya ke nan ba?"

"Ba ta makaranta ba."

Ashe hannun da ya sani ɗin, da ya tashi aiki, tagar da ya saba da ita ya nufa. Har na'urar ta tambaye shi ko ya tabbata, hannun ya amsa mata kafin ido ya karanta. Ban san girman abin ba sai da na ga ya kasa ɗaure igiyar takalminsa. Na ce wallahi ba zai hau babur a haka ba. Na tare mana tasi na bi shi.

Ranar na fara ganin Tsohuwa. Wani ɗan ɗaki ne bayan sito, sanyi kamar cikin firji, wayoyi sun sarƙe ta ko'ina. Ita kuma wani akwatin ƙarfe ne mai ƙura, bai kai injin wankina ba. Raina ya ɓaci. A ce wannan ce take riga ni samun gaisuwa!

Injiniya ta iso da kayan zaman gida, ɗankwali a karkace. Na shirya in ta ɗaga masa murya in tare, amma sai ta ce, "Baba, kwafin jiya, ka yi?" Ya gyaɗa kai. Ta sauke ajiyar zuciya. Sannan ta rage murya ta ce, "Gaskiya ni ban taɓa mayar da kwafi a kan saba ta gaske ba. A karatu na sani." Shi kuma ya ce bai taɓa ɗora manhaja daga tushe ba sai a ta gwaji. Na dube shi na dube ta. Na ce, "Yanzu duk cikinku ba wanda ya iya?" Ba wanda ya kula ni.

Tsohuwar manhajar ba ta samuwa, dole sabuwar da suka yi ta faɗa a kanta aka ɗora. Ita tana faɗin abin da ke bin wani, shi yana bugawa. Ta ce na'urar ba ta ganin faifan ajiya, ya durƙusa ya danna wani aljihun ƙarfe da gwiwa, sai ga shi ta gani. Ya tashi zai tsallake wani mataki, ta riƙe masa hannu ta ce in ya tsallake komai zai sake rushewa. Wani wurin su duka biyu su yi cirko-cirko suna kallon rubutu. Ni ina kan kwalin magani ina rawar sanyi, ban san wa zan yi wa addu'a ya fi wani ba. Sai da suka haɗa da Lahadi kafin suka gama mayar da kwafin. Ranar Litinin motoci suka fita a kan lokaci, odar safiyar Asabar kawai ta salwanta, aka bi shaguna ta waya aka sake karɓa.

Manaja ya yi musu godiya, har da tafi. Sannan ya ce abin da ya faru ba zai sake faruwa ba, daga yau makulli na wurin Injiniya ita kaɗai. An ce ta roƙa a bar su su biyu, ya ƙi.

Jarrabawa kuwa maigidana ne ya zo na ɗaya a aikin hannu. Malamin har tambayarsa ya yi a ina ya ƙware haka. Takarda ta fito tun shekara ba ta ƙare ba, na sa aka yi mata firam na rataye a falo. Maƙwabciyata ta zo taya murna, ta ce ɗanta na son harkar kwamfuta, makaranta za ta kai shi ko shago? Na shiga lissafi a raina. Hannu ne ya share Tsohuwa, amma don karatu ya zauna sharewar. Dokar 'yar littafi ce ta cece su, amma ba don gwiwarsa ba da suna nan har yanzu. Na ce mata ta sha ruwa tukuna.

Washegari da safe ina shara na ji ƙarar maɓallan laftof. Na leƙa. Yana zaune ƙarƙashin takardarsa, yatsunsa sun buga tsohuwar kalmar da kansu. Na'urar ta ƙi. Ya sake bugawa a hankali, ta sake ƙi. Ya daɗe yana kallon baƙar tagar, sannan ya rufe laftof ɗin ya juyo.

"Ina kwana," ya ce mini.

Shekara da shekaru ina jiran in riga Tsohuwa samun gaisuwar nan. Da ta zo, wallahi kasa amsawa na yi.